LABARIN DAGUERRE, MUTUMIN DA YA SA RANA TA YI MASA ZANE

Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai ya san yadda a ke yi a zamanin nan. Da an kira sunan ɗalibi, kafin ya kai gaban shugaba sai ka ga hannuwa sun tashi sama kamar karan dawa, kowa riƙe da wayarsa, har uwar da ta haife shi ma ta cikin gilashin waya ta ke kallonsa. Kafin a watse, hoton ya riga ya isa Kano da Ikko da ƙasashen waje. To, malamai da 'yan'uwa ɗalibai, ga labarin ɗaya daga cikin mutanen da suka buɗe mana wannan ƙofa, wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre, wanda mutanensu ke faɗin sunansa kamar Dager. Abin da ya sa na zaɓe shi, irin hoton da ya ƙago ya saɓa wa namu ƙwarai. Nasa ɗaya tak ne, ba a iya wanko wani daga jikinsa, in kana so ka gan shi kuwa sai ka je inda ya ke, ka riƙe shi da hannunka.

An haifi Daguerre ran 18 ga watan Nuwamba, 1787, a wani ɗan gari da a ke kira Cormeilles, kusa da birnin Faris. Ubansa ƙaramin ma'aikaci ne, ba wani mai hali ba. Yana ɗan shekara biyu ƙasar Faransa ta rikice da babban juyin mulkin nan na 1789, wanda a cikinsa aka tuɓe sarki aka kashe shi. Saboda haka yaron bai sami wani karatu mai zurfi ba. A garin Orleans ya tashi, can aka lura hannunsa na da kyau wajen zane, sai aka kai shi wurin wani mai tsara fasalin gine-gine ya koyi aiki. Yana da shekara 16 ya tattara ya tafi Faris.

A Faris ya shiga hannun wani Ba'italiye mai suna Degotti, wanda shi ke zana labulen babban gidan wasan kwaikwayo na birnin. Aikin shi ne a zana gari, ko daji, ko fadar sarki a jikin ƙyalle, a rataya bayan 'yan wasa, yadda mai kallo zai ga kamar can a ke wasan. Daga nan ya koma wurin Pierre Prevost, wani gwani mai zana birane a jikin bangon ɗaki mai kewaye kamar rumbu, mutum ya tsaya tsakiya, ko'ina ya juya sai ya ga kamar yana bisa hasumiya yana hangen Rum ko Landan. Ya yi shekaru yana taya shi. Cikin 1810 ya auri wata yarinya, Louise Arrowsmith, wadda asalin iyayenta Ingilishi ne. Ba su sami haihuwa ba. Kafin ya kai shekara 35 sunansa ya riga ya fita, har a kan ce mutane sun fi zuwa gidan wasa don kallon labulensa da yadda ya ke wasa da hasken fitilu, ba don 'yan wasan ba.

A nan ya kamata mu dakata kaɗan, gama wanda bai san abin da Daguerre ya yi cikin 1822 ba, ba zai gane sauran labarinsa ba. Ran 11 ga watan Yuli na wannan shekara, shi da abokinsa Charles Bouton suka buɗe wani gidan kallo da suka sa wa suna Diyorama. Ba 'yan wasa, ba mawaƙa, ba kowa bisa dandamali. Zane ne kawai. Amma kai, zanen ba irin wanda aka saba gani ba ne. Faɗinsa wajen ƙafa 70, tsayinsa wajen ƙafa 45, a jikin ƙyalle marar kauri wanda haske ke iya ratsawa. A kan shigar da mutum kamar 350 cikin ɗaki mai duhu, su zauna sai idonsu ya saba da duhun, sa'an nan a janye labule, su hangi zanen can nesa ta ƙarshen wani dogon zaure. A sama da bayan zanen akwai manyan tagogi, da waɗansu allunan masu launi-launi da ma'aikata ke ja da igiya. In an rufe wannan taga an buɗe waccan, sai masu kallo su ga rana ta fito bisa duwatsu, can hazo ya taso, can gajimare ya rufe, ruwan rafi yana walƙiya kamar yana gudu. Bayan minti goma ko goma sha biyar sai a buga ƙararrawa, ɗakin dukansa ya juya da mutanen da ke ciki, gama bisa wani ƙarfe aka kafa shi, ya tsaya daidai gaban zane na biyu. Abin da aka fara nunawa, cikin wata babbar majami'a ta Kantabari a Ingila, da wani kwari na ƙasar Siwizalan.

Mutane suka yi ta tururuwa. Shekara ɗaya bayan wannan aka buɗe irinsa a Landan, cikin 1824 kuma aka ba Daguerre lambar girma ta ƙasarsu. Shi kuwa bai tsaya nan ba. Da ya zo nuna dutsen Mont Blanc, sai ya sa aka kawo ainihin bukkar katako irin ta mutanen can aka kafa gaban zanen, aka ɗaure akuya mai rai tana cin ciyawa, don kada mai kallo ya san inda abin gaske ya ƙare zane ya fara. Waɗansu masu zane suka ce wannan ha'inci ne, ba fasaha ba. Bai kula ba. Cikin 1834 ya fito da abin da ya fi duka, watau ya zana gaban ƙyallen da bayansa, kowane da nasa. In haske ya faɗo ta gaba sai a ga majami'a da rana, ba kowa ciki, kujeru wayam. Sannu a hankali sai a rage na gaba a ƙara na baya, duhu ya shiga, fitilu su kama, kujerun nan su cika da mutane masu ibadar tsakar dare, ana jin kiɗa daga wani wuri. Can kuma gari ya waye, mutanen su ɓace. Shekara uku ana nuna wannan. Ku tuna fa, a lokacin nan ba silima, ba lantarki. Wanda ya ke son ganin wannan abu dole ya taka da ƙafarsa, ya biya, ya zauna shiru cikin duhu tare da jama'a, ya ba zane ɗaya kwata guda na awa. In ya fito ba abin da zai tafi da shi gida sai abin da ya zauna a zuciyarsa.

To, ina ruwan mai zanen labule da ɗaukar hoto? Dalilin shi ne wani akwati da masu zane na zamanin ke aiki da shi. Tun da daɗewa masana sun san in aka rufe ɗaki ya yi duhu, aka bar 'yar ƙaramar huda a bango, surar abin da ke waje ta kan faɗo bisa bangon da ke fuskantar hudar, amma kai ƙasa ƙafa sama. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira ya mutu wajen 1040, ya yi bayanin wannan filla-filla. Duk malamin da zai koyar da darasin haske yana iya nuna wa yara da gwangwanin madara, a huda gindinsa da allura, a rufe bakinsa da takarda mai maiƙo, a auna shi wajen fitila. Turawa suka mai da ɗakin nan ya zama ƙaramin akwati, suka sa gilashi a bakin hudar don surar ta ƙara fitowa, mai zane ya ɗora takarda ya bi ta da fensir. Abin da ya dami Daguerre, ga sura kyakkyawa a gabansa wadda ba hannun da ya isa ya zana kamarta, amma da an ɗauke akwatin ta tafi. Yaya za a yi a kama ta?

Ashe can kudu da Faris, kusa da garin Chalon, akwai wani dattijo mai suna Nicephore Niepce wanda ya daɗe yana fama da wannan tambaya, ya kuwa riga kowa nisa. Shi ba ya iya zane, shi ya sa ya ke neman hanyar da haske zai yi masa. Ya gano akwai wata irin kwalta wadda ke taurare in rana ta buge ta. Sai ya shafa ta a farantin ƙarfe, ya sa cikin akwatin, ya auna shi ta tagar benensa. Inda haske ya taɓa kwaltar ta daskare, inda bai taɓa ba ya wanke da mai. Ta haka, wajen 1826 ko 1827, ya sami surar rufin gidajen da ke bayan tagarsa. Wannan shi ne hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da akwati, yana nan ajiye a jami'ar Texas ta Amurka. Sai dai ɗaukarsa ta ci aƙalla awa takwas, waɗansu ma sun ce kwanaki, ga shi kuma dishi-dishi, sai an ƙura ido.

Dukansu biyu a kanti ɗaya su ke sayen gilashi, kantin Chevalier a Faris, nan Daguerre ya ji labarin dattijon. Cikin 1826 ya rubuta masa takarda. Niepce ya yi ɗari-ɗari da shi, kamar yadda mutumin ƙauye kan yi da ɗan birni mai zaƙin baki, ina jin kuwa ba za mu ga laifinsa ba. Sai da suka sadu ido da ido cikin 1827, Niepce ya shiga Diyorama ya ga abin mamaki, kana ya ɗan saki jiki. Ran 14 ga watan Disamba, 1829, suka sa hannu a takardar haɗin gwiwa ta shekara goma. Saboda tsoron masu satar fasaha, in za su rubuta wa juna ba su ambaton sunan magungunan da su ke gwadawa, kowane magani da lambarsa. Ana cikin haka kasuwar Diyorama ta ja baya, Bouton ya koma Landan, cikin 1832 Daguerre ya karye, bashi ya yi masa katutu. Ran 5 ga watan Yuli, 1833, Niepce ya mutu, bai ga amfanin wahalarsa ba, dukiyarsa duk ta ƙare a gwaje-gwaje. Ɗansa Isidore ya gaji rabonsa.

Daguerre ya ci gaba shi kaɗai, ya bar kwalta ya koma kan azurfa. Wajen 1835 ya gano abin da ya buɗe masa hanya, watau ko da an fitar da farantin daga akwati ba a ga kome a jikinsa ba, surar tana nan ɓoye, tururin zaiba kuwa yana fito da ita. Akwai labarin da a kan bayar, wai ya ajiye faranti cikin kabad ne da dare, da safe ya tarar da hoto, da ya bincika ya ga ma'aunin zafi ne ya fashe zaibarsa ta zube. Labarin da daɗi, amma masu bin diddigi ba su yarda da shi ba. Cikin 1837 kuma ya gano ruwan gishiri mai ƙarfi yana tsai da hoton, ya hana shi baƙi in an fito da shi sarari.

Ga yadda aikin ya ke. A sami farantin jan ƙarfe da aka dalaye da azurfa, a goge shi har ya zama madubi. A kifa shi bisa akwatin aidin cikin duhu, tururin ya kama shi ya yi rawaya. A sa cikin akwatin hoto, a buɗe gilashi, a jira daga minti uku zuwa goma sha biyar, gwargwadon ƙarfin rana. A ɗora shi bisa zaiba mai ɗumi, surar ta fito. A wanke, a shanya, a rufe da gilashi nan da nan, gama ko yatsa ya shafe shi ya ɓace kamar ƙurar fiffiken malam-buɗe-littafi. Tururin zaiba dafi ne, ya kuwa nakasa masu wannan sana'a da yawa daga baya.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan hoto ba da wuya ya gane shi. Madubi ne. In ka ɗauka ka duba, da farko fuskarka za ka gani. Sai ka karkata shi wajen wani abu mai duhu, sa'an nan surar ta bayyana tar, kamar tana shawagi a cikin ƙarfen. Ka ƙara karkatawa kaɗan, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Dama ta koma hagu, kamar dai a madubi. In aka sa gilashin ƙara girma, sai a ƙirga tubalin gini ɗaya ɗaya, a karanta allon kanti da ido bai hango ba. Ba shi da dodo, balle a wanko na biyu. Farantin da ke hannunka shi ne ainihin wanda ya tsaya gaban abin, hasken ranar nan ya faɗa masa.

A nan fa halin Daguerre ya fito, ni kuwa ban ga yadda za a wanke shi sarai ba. Da ya ga hanyarsa ta saɓa da ta Niepce, sai ya matsa wa Isidore aka sake takarda, aka sa wa abin sunansa shi kaɗai, dagerotayif. Gaskiya ne zaibar da gishirin shi ya gano su, ba don shi ba da abin bai zama sana'a ba. Amma dattijon da ya fara kama sura, ya kuma buɗe masa asirinsa duka, ya cancanci fiye da abin da aka yi masa. Isidore ya sa hannu don yana bukatar kuɗi, daga baya ya rubuta ɗan littafi yana kukan an danne sunan ubansa.

Cikin 1838 Daguerre ya auna akwatinsa ta tagar gidansa ya ɗauki wani titi da a ke kira Boulevard du Temple, da misalin ƙarfe takwas na safe. Titi ne mai jama'a, ga kekunan doki, ga masu talla, ga masu tafiya wurin aiki. Amma a hoton ba ko ɗaya. Gidaje na nan, itatuwa na nan, titi kuwa fayau kamar an yi annoba. Dalili, farantin yana bukatar mintoci kafin ya kama, duk abin da ke motsi ya wuce bai bar alama ba. Sai can ƙasa wajen hagu, ga wani mutum tsaye ya ɗora ƙafa ɗaya bisa akwati, wani ya duƙa yana goge masa takalmi. Su kaɗai suka tsaya wuri ɗaya har haske ya kama su. Galibin masana sun ɗauka su ne mutanen da aka fara ɗauka hoto a duniya, ba kuwa wanda ya san sunansu, su ma ba su san an ɗauke su ba.

Daguerre ya nemi masu zuba kuɗi su sayi asirin, bai samu ba. Sai ya dace da Francois Arago, wani babban masanin taurari wanda kuma wakili ne a majalisar dokoki. Ran 7 ga watan Janairu, 1839, Arago ya ba da labarin a majalisar masana kimiyya, amma bai faɗi yadda a ke yi ba. Cikin watan Maris wani Ba'amurke, Samuel Morse, wanda ya ƙago wayar tangarahu, shi ma kuwa mai zane ne, ya zo ya ga hotunan ya riƙe baki. Kashegari, ran 8 ga wata, Daguerre ya tafi masaukin Morse don ya ga tasa na'urar. Yana can zaune yana kallo, ashe gobara ta tashi a Diyorama. Kafin ya komo gidan ya ƙone ƙurmus, da manyan zane-zanen da ke ciki, da yawancin takardunsa da gwaje-gwajensa na farko. Aikin shekara goma sha bakwai ya tafi cikin yini ɗaya.

Arago ya tsaya masa. Gwamnati ta sayi asirin, ta yanka wa Daguerre fansho na faran 6,000 kowace shekara har mutuwarsa, Isidore kuma 4,000. Ran 19 ga watan Agusta, 1839, aka tara masana kimiyya da masu fasahar zane wuri ɗaya, ɗaki ya cika har jama'a suka tsaya waje, Arago ya bayyana kome da kome, aka ce Faransa ta ba duniya kyauta. Wannan rana ce har yanzu a ke tunawa da ita kowace shekara da sunan ranar hoto ta duniya. Sai dai kyautar da saura. Kwana biyar kafin taron, Daguerre ya riga ya sa wakilinsa ya yi rajistar abin a Ingila, saboda haka Ingilishi su kam sai sun biya kafin su taɓa. Kwanaki kaɗan bayan taron, duk dandalin da ka bi a Faris sai ka ga mutane sun kafa akwati bisa ƙafa uku suna auna majami'u. Kafin shekara ta ƙare an buga littafin bayaninsa sau da yawa cikin harsuna dabam dabam, cikin watan Nuwamba kuwa waɗansu Faransawa suka ɗauki hoto a Iskandariya ta ƙasar Masar.

Ba shi kaɗai ne a fagen ba. Akwai wani akawun ma'aikatar kuɗi, Hippolyte Bayard, wanda ya gano tasa hanyar a kan takarda, aka sallame shi da faran 600 aka manta da shi. Don haushi, cikin 1840 ya ɗauki kansa hoto ido rufe kamar gawar wanda ya faɗa ruwa. Akwai kuma Henry Fox Talbot na Ingila, wanda tun 1835 ya ke yin dodo a takarda. Hoton Talbot bai kai na Daguerre fitowa ba ko kusa, amma daga dodo ɗaya a kan wanko ɗari. A farko na Daguerre ya yi rinjaye, musamman da aka gyara gilashin da magungunan har ɗauka ta komo ƙasa da minti ɗaya. Aka buɗe shagunan hoto ko'ina, a zaunar da mutum a tallafe ƙeyarsa da wani ƙarfe don kada ya motsa, shi ya sa za ku ga mutanen dā a hoto sun sandare ba fara'a. A Amurka an yi miliyoyinsu. Talaka wanda dā bai isa ya biya mai zane ba, sai ga shi da surar uwarsa cikin ɗan akwati a aljihu. Amma in ana so a sa hoton cikin littafi, dole a kira mai sassaƙa ya kwaikwaye shi da hannu. Wannan ya kā da shi. Cikin 1851 aka fito da dodo na gilashi mai fitowa tar, kafin shekara goma dagerotayif ya zama tsohon yayi. Hanyar Talbot, ta a kwafa a sake kwafa, ita ta haifi fim, ita kuma wayar da ke aljihunku ta gada.

Shi Daguerre bai tsaya ganin wannan kokawa ba. Cikin 1840 ya koma wani ƙauye, Bry, a bakin kogin Marne, ya kusan barin hoto ɗungum. Abin mamaki, sai ya komo ga burushinsa. Cikin 1842 ya zana wa 'yar majami'ar ƙauyen wani zane bayan bagadi, da taga a sama mai sako haske, yadda wanda ya shigo zai ga kamar ginin ya zarce can ciki da dogayen ginshiƙai. Ran 10 ga watan Yuli, 1851, zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 63. Da aka gina hasumiyar Eiffel aka rubuta sunansa cikin sunaye 72 da ke jikinta. Hotunan da aka tabbata shi ya ɗauka da hannunsa, waɗanda suka rage ba su kai 25 ba.

Saura labarin mai goge takalmi. Cikin 1839 Daguerre ya aika wa Ludwig na Ɗaya, sarkin Bavariya, da hoton titin nan kyauta, aka ajiye shi a birnin Munik na ƙasar Jamus. Ya yi kusan shekara ɗari ba wanda ya kula da shi, sai wajen 1937 wani Ba'amurke masanin tarihin hoto, Beaumont Newhall, ya sa aka ɗauki hotonsa don a nuna a New York. Farantin ya tsira daga yaƙin duniya na biyu, amma ya dafe. Bayan 1970 aka ce bari a wanke shi a gyara, garin gyaran gira aka rasa ido, surar ta goge. Titin kansa ma an rushe wannan sashe nasa tun 1862. Saboda haka duk wanda ya buɗe intanet yau ya ga mutumin nan da ƙafarsa bisa akwati, kwafin kwafi ya ke kallo. Ba don kwafin ba da ba mu san da shi ba, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne, gama ɗalibin da bai taɓa fita garinsu ba yana iya jawo hoton da yatsa biyu ya ga ƙafar. Haka kuma da aka sa madubin likita da kwamfuta aka bi wani dagerotayif na birnin Cincinnati da aka ɗauka cikin 1848, sai da aka karanta agogon hasumiya, ƙarfe biyu saura minti biyar, abin da ido bai taɓa gani ba cikin fiye da shekara 150. Amma abin da wayar ke nuna mana fuska ɗaya ce ta madubin, an tsai da ita cik. Karkata wayar yadda ka ga dama, fari ba zai koma baƙi ba, ba kuwa za ka ga fuskarka ta haɗu da ta mutumin ba.

Zanen Bry shi kaɗai ya rage cikin dukan diyoramar da Daguerre ya yi. Ya sha hayaƙi da danshi da hannun masu gyara marasa sani, har ya daina ratsa haske. Aka sauke shi aka yi shekaru ana aikinsa, cikin 2013 aka mai da shi wurinsa bayan bagadi. Hotunansa na nan birjik a intanet, amma kowane na nuna shi a sa'a ɗaya ce kawai. Masu zuwa can su kan zauna bisa benci su jira, gama launinsa da zurfinsa suna sākewa ne gwargwadon hasken da ya faɗo masa daga sama.